Carlisle da sojoji a 1912: ramuwar gayya ce ko tallan makaranta?

Auwalu

Assalamu alaikum 'yan zaure. Ina da magana guda wadda na daɗe ina juyawa a raina, kuma a shirye nake in kare ta ko da kowa ya juya mini baya. A tarihin ƙwallon zari-ruga irin ta Amurka, babu kakar wasan da ta kai ta makarantar Carlisle ta 1912 nauyi, kuma wasan da suka buga da sojoji ranar 9 ga Nuwamba na wannan shekarar ramuwar gayya ce tsagwaronta.

Ga wanda bai san labarin ba: Carlisle makarantar kwana ce ta gwamnatin Amurka a jihar Pennsylvania, inda ake tara 'ya'yan 'yan asalin ƙasar, wato ƙabilun da Turawa suka tarar suka ƙwace wa ƙasa. A 1912 samarin makarantar sun buga wasa 14, sun ci 12, sun yi kunnen doki a 1, an doke su a 1. Sun tara maki sama da 450, babu ƙungiyar da ta kamo su a shekarar. Sannan suka taka har West Point, inda ake horar da hafsoshin sojan Amurka, suka lallasa masu gida 27 da 6. Shekara 22 ke nan kacal bayan kisan Wounded Knee na 1890, inda sojoji suka buɗe wa 'yan ƙabilar Lakota wuta, maza da mata da ƙananan yara. Mutanen da aka ci da bindiga, 'ya'yansu suka zo suka kayar da masu bindigar a bainar jama'a, kuma da dokokin wasan da Turawa suka rubuta da hannunsu. In wannan ba ramuwa ba ce, a gaya mini mece ce.

Malam Sabo

Wa alaikumus salam. Auwalu, alƙalumanka ba ni da ja a kansu. Amma kafin ka ce ramuwa, duba rigar wa yaran suka sa suka shiga fili. Hafsan soja ne ya kafa Carlisle, Richard Henry Pratt, a 1879, a cikin tsohon barikin soja. Yaro in ya iso, a aske masa dogon gashinsa, a tuɓe masa kayan gidansu a sa masa kaki, a ba shi sunan Bature, a hana shi yin harshen uwarsa. Ga fareti, ga rabin yini a aji, rabin yini a aikin hannu: ƙira, kafinta, ɗinki, wanki. Da rani a rarraba su gidajen Turawa su yi aikin gona da na gida. Pratt bai ɓoye manufarsa ba. A wani jawabi na 1892 ya ce a kashe Ba'indiyen da ke cikin yaro domin a ceci mutumin (Ba'indiye shi ne sunan da Turawa suke kiran ɗan asalin ƙasar da shi).

Shi kansa wasan, da farko Pratt ya hana shi bayan wani ɗalibi ya karye a ƙafa. Da ɗalibai suka dame shi da roƙo sai ya amince bisa sharaɗi biyu, kamar yadda ya ba da labari da kansa: kada su taɓa kai naushi ko da an naushe su, kuma nan da 'yan shekaru su doke babbar ƙungiyar ƙasar. Ka lura da sharaɗin farko. So yake Turawan da suka cika filin kallo su koma gida suna cewa lallai makarantar nan tana aiki, ga 'ya'yan ƙabilu an ladabtar da su. Duk wasan da ƙungiyar ta ci, hujja ce a hannun masu son a ci gaba da raba yara da iyayensu. Ko da aka sauke Pratt a 1904, waɗanda suka gaje shi sun ci gaba da cin moriyar ƙungiyar. A wurina 27 da 6 talla ce, kuma makarantar aka yi wa.

Nasiru

Allah ya gafarta Malam, bari in shigo ta ƙofar wasan kansa, domin Auwalu ya ɗaure magana biyu a ƙulli ɗaya. Maki sama da 450 abin burgewa ne, amma a tuna 1912 ce shekarar da aka sauya dokoki. An rage tsawon fili daga yadi 110 zuwa 100. An ƙara wa masu kai hari yunƙuri, daga uku zuwa huɗu, kafin ƙwallo ta koma hannun abokan karawa in ba su ci yadi 10 ba. Makin kai ƙwallo bayan layin ƙarshe ya tashi daga 5 zuwa 6. Duk wannan masu kai hari ya taimaka wa. Sannan kusan maki 200 daga cikin nasu, a wasanni huɗun farko suka tara, da Albright da Lebanon Valley da Dickinson da Villanova, waɗanda ba sa'o'insu ba ne. Wasa ɗaya ma a Toronto ta ƙasar Kanada aka yi shi.

Da suka haɗu da kwalejin Washington and Jefferson, ba ci aka tashi. Mako guda bayan West Point, Jami'ar Pennsylvania ta zuba musu 34, su suna da 26. A shekarar, Jami'ar Harvard ta buga wasa 9 ta cinye duka, ita ake ƙirgawa zakara, kuma ba ta haɗu da Carlisle ba. In ni za a tambaya, kakar 1911 ta fi ta 1912 tsabta: wasa 12, faɗuwa ɗaya da tazarar maki guda a hannun Syracuse, ga kuma doke Harvard 18 da 15, ranar da fitaccen ɗan wasan Carlisle, Jim Thorpe, ya ɗaga ƙwallo sau huɗu ta tsakanin sanduna alhali ƙafarsa na ɗaure da bandeji.

Auwalu

Yaya Nasiru, nauyi na ce. Ban ce sun fi kowa iya wasa ba. Harvard ta ci wasa 9, to, wa yake tuna ko ɗaya daga ciki yau? Kai da ka san wasan, faɗa wa jama'a abin da ya faru a filin West Point, su yi hukunci da kansu.

Nasiru

Wannan kam zan faɗa da daɗin rai, domin wasa ne na gani na faɗa. Sojoji sun fi su girman jiki, kuma su suka fara ci, 6 da babu. Kafin hutun rabin lokaci Carlisle ta wuce gaba da 7 da 6. Daga nan sojoji ba su sake ganin haske ba. Kociyansu, Glenn Warner, wanda ake kira Pop, ya fito da wani tsari da ya ajiye domin wannan rana: 'yan baya biyu su buɗe, ɗaya a gefen dama ɗaya a hagu, ta yadda mai tsaro ba zai san ta ina hari zai ɓullo ba. Gus Welch, mai raba ƙwallo, yana kiran dabara yana sauyawa da sauri, ba ya barin sojoji su shirya. A miƙa wa wannan, ya yi kamar zai ruga, ya saƙala wa wancan, kafin a ankara Thorpe ya keta. Thorpe ne ya dinga janyo ƙwallon yana cin fili da mutane rataye a jikinsa, Alex Arcasa kuma yana ƙarasawa, har sau uku. Wasan ya yi zafi har alƙali ya kori mutum biyu, ɗaya daga kowane ɓangare, ciki har da kyaftin ɗin sojoji.

Abu guda da nake so a daina yaɗawa: wai a ranar ce Thorpe ya karya gwiwar Dwight Eisenhower. Gaskiya ne Eisenhower, wanda ya zama shugaban Amurka a 1953, yana cikin 'yan wasan sojoji, kuma ya gwada tare Thorpe. Amma raunin da ya raba shi da wasa ya same shi ne a mako na gaba, a karawarsu da Tufts.

Hajiya Rabi

Kuna ta lissafin maki, ni kuwa wani lissafin ne ya hana ni sakat. A harabar makarantar nan akwai maƙabarta. An binne mutum sama da 180 a ciki, kusan duka na ɗalibai, wasunsu ba su ko balaga ba. Tarin fuka da sauran cututtuka suka kwashe su nesa da iyayensu mata, wasu kuma da aka ga sun kusa cikawa sai a sallame su su je su mutu a gida. Yara dubbai daga ƙabilu fiye da 140 suka ratsa ta wurin tsakanin 1879 da 1918. A cikinsu nawa ne suka taɓa sa rigar ƙwallo? 'Yan tsiraru. 'Yan mata kuwa babu ko ɗaya, suna ɗakin wanki da guga.

Auwalu, ƙanena, ka sa kanka a wurin uwar da aka ɗauke wa ɗa yana ɗan shekara bakwai ko takwas, aka sa shi a jirgin ƙasa zuwa inda ba ta taɓa jin sunansa ba. In ya dawo, ya dawo ba ya jin abin da take faɗa. In bai dawo ba, sai saƙo. Ka je ka ce mata an rama mata, domin an ci sojoji 27 da 6. Sai a 2017 rundunar soja ta fara tono ƙasusuwan yaran tana mayar wa danginsu, aka fara da 'yan ƙabilar Arapaho ta Arewa. Shekara ɗari da doriya iyalai suna jira. A ramuwa ana dawo wa mai haƙƙi da wani abu. Me wasan nan ya dawo da shi?

Auwalu

Hajiya, maganarki ta taɓa ni, kuma Allah ya sani ban zo wanke makarantar ba. Amma ina ganin ku biyu, ke da Malam, kuna yi wa samarin nan abin da Pratt ya so ya yi musu, wato ku mai da su kayan aiki marasa zuciyar kansu. Makaranta tana da nata nufin, na yarda. Su fa? Mutum ne ya tsaya a filin nan, da tunaninsa da abin da kakarsa ta gaya masa. Ana ruwaito cewa kafin su fito daga ɗakin sa kaya, Warner ya tuna musu cewa iyayensu da kakanninsu sun gwabza da sojojin nan. Kuma Welch ya ba da labari daga baya cewa wannan tunatarwar kaɗai ta isa ta zaburar da su. Wanda ya yi wasan ya ce ga abin da ya ji a ransa, mu da muka zo bayan shekara ɗari mu ce masa a'a, talla kawai ka yi? Jaridun zamanin suna zana su da gashin tsuntsu da gatari, suna cewa Ba'indiye ba shi da kwanya sai ƙarfi. Sai ga shi da kwanya suka yi nasara, da dabarar da hafsoshin gobe suka kasa warwarewa.

Malam Sabo

Madalla da ka kawo jawabin Warner, domin ni hujjata ce. Wa ya yi jawabin? Bature, ma'aikacin makarantar, wanda albashinsa da sunansa suke rataye a kan cin wasa. Ya san inda miki yake, ya danna shi don yara su yi gudu. Makarantar da ta hana su ambaton gidajensu duk shekara, sai a ranar da take bukatar fushinsu ta tuna musu da kakanninsu.

Kuma a kula da haɗa su a kwando ɗaya. Lakota aka kashe a Wounded Knee. Thorpe ɗan ƙabilar Sac da Fox ne daga Oklahoma. Welch da Joe Guyon 'yan Ojibwe ne daga arewa, Pete Calac daga California. Kowace ƙabila da nata tarihin da gwamnati, da harshenta daban. Gwamnati ce ta tara su wuri guda ta ce duk abu ɗaya ne.

Sannan ku bi sawun kuɗi. Yawancin manyan wasanninsu a waje suke yi, a Philadelphia da Boston da Pittsburgh da sauran birane, saboda a can ake cika fili. Kuɗin ƙofa yana shiga asusun ƙungiyar wasanni ta makarantar, wanda Warner da shugaban makaranta suke juyawa. 'Yan wasa suna da ɗakin kwanansu daban, da abincinsu daban, ana ɗan ba su na kashewa da kaya daga kantin gari. Sauran ɗalibai suna kukan yunwa. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi.

Nasiru

Malam ya taɓo wani abu da masu adawa da Carlisle suka dinga faɗa tun a lokacin. Makarantar ba jami'a ba ce, karatun cikinta bai kai can ba, kuma dokokin shekaru da na yawan kakar da ɗan wasa zai buga ba su ɗaure ta kamar sauran ba. Thorpe yana da shekara 25 a 1912. Ya zo makarantar a 1904, ya tafi bayan kakar 1908, ya yi shekara biyu a waje, aka dawo da shi a 1911. Sai dai ban ɗauki wannan a matsayin abin da zai rage darajar wasansu ba, domin manyan jami'o'in ma kowa da irin nasa maguɗin a wancan zamani.

Zainabu

Iyayena da yayyena, ku ba ni dama. Kuna maganar kakar 1912 kamar ta ƙare a wasansu da Jami'ar Brown na ƙarshen Nuwamba, wanda suka ci 32 da babu. A ganina sai a Janairun 1913 ta ƙare, kuma abin da ya faru a watan shi ya nuna ko ƙungiyar ta wace ce.

A watan Yulin 1912, kafin a fara kakar, Thorpe ya je gasar Olamfik a Stockholm ta ƙasar Suwidin ya ci zinare biyu, ɗaya a gasar wasanni biyar, ɗaya a ta wasanni goma. Ya dawo aka yi masa jerin gwano a New York. Ya shiga kakar ƙwallo, ana lissafa masa maki 198 shi kaɗai, Walter Camp, babban masanin wasan a zamanin, ya sa shi cikin zaɓaɓɓun 'yan wasan ƙasa shekara biyu a jere. Sai wata jarida a Worcester ta jihar Massachusetts ta buga cewa a 1909 da 1910 ya buga ƙwallon sanda, wato baseball, a North Carolina ana biyansa 'yan daloli. A dokar lokacin, wanda ya taɓa karɓar kuɗi a wasa ba shi da hurumin shiga Olamfik. Ɗaliban jami'a da yawa suna yin haka da rani, amma da sunan bogi. Shi da sunansa na gaskiya ya yi.

To, me makarantar ta yi wa yaron da ya cika mata asusu? Warner da shugaban makaranta, Moses Friedman, suka ce ba su san komai ba. Aka fito da wasiƙar amsa laifi da sa hannun Thorpe, yana roƙon a yi masa uzuri domin shi ɗan makaranta ne Ba'indiye wanda bai san waɗannan abubuwa ba. Aka tattara lambobin zinaren aka mayar. Alhali dokar gasar ta ce ƙorafi sai a cikin kwana 30 bayan rufewa, wannan kuwa ya zo bayan kusan wata shida. Da akwai mai tsaya masa, wannan kaɗai ya isa. Babu wanda ya tsaya. Ya rasu a 1953 cikin talauci. Sai a 1982 kwamitin Olamfik ya mayar masa da matsayinsa, shi ma a matsayin wanda ya yi tarayya da wasu, sai a 2022 aka rubuta shi kaɗai ne zakara.

Baba Ɗanjuma

'Yata Zainabu, Allah ya yi miki albarka. Ni abin da ya tsaya mini shi ne kalaman wasiƙar. Mutumin da ya fi duk wanda ya je Stockholm, aka sa shi ya rubuta cewa shi yaro ne marar wayo don manya su tsira da kujerunsu. Auwalu, in an rama a Nuwamba, to a Janairu an karɓe.

Auwalu

Baba, Allah ya ƙara girma, zinare aka karɓe. Wasan West Point yana nan a rubuce, babu kwamitin da ya isa ya soke shi. Kuma tunda an kai maganar gaba, mu kai ta ƙarshe. Wa ya tayar da ƙurar da ta kai ga binciken Majalisar Dokoki a 1914? Gus Welch. Shi ya bi ɗalibai yana tattara sa hannu, fiye da mutum 200, aka kai ƙorafi ga ɗan majalisa. Kwamiti ya zo har makarantar ya zauna. Ɗalibai suka tsaya gaban manyan gwamnati suka ba da shaida a kan ƙarancin abinci, da dukan da aka yi wa wata ɗaliba, da yadda ake wasa da kuɗin ƙungiya. 'Yan wasa suka faɗi irin ashar ɗin da Warner yake ɗura musu. Friedman ya rasa kujerarsa, Warner ya tattara ya koma Pittsburgh bayan kakar 1914. Ina Welch ya samo wannan ƙarfin hali? Yaron da ya ga da idonsa cewa ana iya kayar da masu kaki, shi ne ya dawo gida ya tunkari masu ofis. Ni a nan nake ganin amfanin 1912.

Malam Sabo

Ka yi tsalle a nan, Auwalu. Abin da ya tunzura Welch da abokansa, babban ɓangarensa yadda aka yi watsi da Thorpe ne. Sun ga abokinsu ya yi wa makaranta komai, ranar wuya ta zare hannunta. Cin amanar Janairu ce ta buɗe musu ido. Da labarin jaridar bai fito ba, da an ci gaba da cin wasa ana tafi, ƙananan yara suna kwana da yunwa a ɗaya ginin.

Kuma dubi inda kowa ya ƙare. Warner ya je Pittsburgh ya ci kambun ƙasa, ya wuce Stanford, yau akwai babbar ƙungiyar ƙwallon yara a Amurka da ke ɗauke da sunansa. Makarantar ta rufe a 1918, aka mayar wa soja da barikinsu ya zama asibitin waɗanda suka ji rauni a Yaƙin Duniya na Ɗaya, yanzu kuma kwalejin manyan hafsoshi ce a wurin.

Zainabu

Akwai abin da ya ƙara rikita maganar ramuwa. Welch ɗin nan da muke ta ambato, da Amurka ta shiga yaƙi a 1917, aikin soja ya shiga, ya zama hafsa, ya je Faransa. Rigar mutanen da ya doke a 1912 ita ya sa bayan shekara biyar. Ba shi kaɗai ba, dubban 'yan asalin ƙasar sun yi yaƙin, da yawansu ba su da matsayin 'yan ƙasa, domin dokar da ta ba su wannan matsayi baki ɗaya sai a 1924 aka yi ta. Bayan yaƙi ya horar da ƙungiyar Washington State, ya kuma yi aikin lauya. Mai neman ramuwa a kan soja ba haka rayuwarsa take tafiya ba. Abin da na fahimta daga gare shi, yana neman a ɗauke shi cikakken mutum a ƙasar da ta kakanninsa ce, a fili ko a gaban kwamiti ko a fagen yaƙi.

Nasiru

Ni dai a ɓangaren wasa ina tare da Auwalu a abu guda. Gudu da yaudara da jifan ƙwallo gaba da ake gani a wasan yau, Carlisle na cikin waɗanda suka fara nuna amfaninsu. An halatta jifan gaba a 1906, bayan mace-macen 'yan wasa na 1905 da suka sa Shugaba Theodore Roosevelt ya kira manyan jami'o'i fadarsa. A 1907 Carlisle ta yi amfani da shi ta doke Pennsylvania 26 da 6, shekara shida kafin wasan Notre Dame da sojoji na 1913 wanda ake yawan cewa shi ya buɗe wannan babi. Ko a nan an tauye musu haƙƙi. Yabon da ya rage kuma yawanci Warner ake ba, kamar shi ya ruga da ƙwallon.

Hajiya Rabi

Nasiru, ka ga ko kai ka dawo kan maganar Malam. Yara su yi aiki, suna ya tafi wurin wani. A Oktoban 2024 shugaban Amurka na lokacin, Joe Biden, ya nemi gafarar ƙabilun a kan makarantun kwanan nan, a Disamba kuma aka ayyana harabar Carlisle wurin tarihi na ƙasa. Jikokin ɗaliban ne suka yi ta matsa lamba har aka kai nan, kuma abin da suka riƙa ɗagawa sunayen yaran da ke maƙabarta ne.

Auwalu

Hajiya, jikokin nan su ne kuma suka yi shekaru suna fafutuka har aka mayar wa Thorpe da zinarensa, 'ya'yansa na cikinsa suka karɓa a 1983. Ba su ce wasa shirme ba ne. Sun riƙe duka biyun. Ni ina nan a kan bakana game da 9 ga Nuwamba. Abin da makaranta ta yi da nasarar daga baya, laifinta ne. Amma a cikin sa'o'in da aka yi ana wasan, babu Pratt a fili, babu Friedman, Warner ma a gefe yake tsaye. Welch ne yake kiran dabara, kuma ɗalibai sun bi shi a 1914 domin sun san wane ne shi tun daga ranar.

Hajiya Rabi

Mutum 11 ne suke shiga fili, Auwalu. Fiye da 200 suka sa hannu a takardar. Yawancinsu ba su taɓa zuwa West Point ba, ba su ci a teburin 'yan wasa ba. Yunwa da duka suka sa su ɗaukar alƙalami, kuma sun fi Welch shiga haɗari, domin shi akwai jaridun da suka san sunansa, su kuwa in an kore su ko an kulle su a ɗakin horo babu mai tambaya.